Babi na Huɗu a Folda Uku

Daga Mai Tabarau zuwa ga Kawu
Talata, uku ga wata

"Ke ce mai kula da wannan abin na kwamfuta, ko?"

Haka ta fara, Kawu, ba sallama, ba tambayar ko na tashi lafiya. Ina zaune a ofis da tulin fayil a gabana, shayina ya huce. Na ce ni ce, da wa nake magana? Ta ce, "Innarki ce, Nas." Shekarata talatin da takwas a duniya, Inna Nas ba ta taɓa ce mini ko sannu ba. In mun haɗu a taron dangi, saman kaina take kallo, kamar akwai agogo a bangon da ke bayana. Sai ga ta a wayata da ƙarfe goma na safe.

Ka yafe mini, na tsallake gaisuwa. Ina fatan gwiwa ta lafa, kunne kuma bai ƙara nisa ba. Umma lafiya ƙalau, sai hawan jinin da take yi wa kallon raini. Ni ma lafiya, in ban da abin da ya sa na ɗauki biro.

Inna Nas ta ce, "Wa ya rubuta babi na huɗu?" Na ce ai littafin zuri'ar gaba ɗaya kai ke rubuta shi, ni ajiya ce kawai aikina. Ta ce, "To ki buɗe ki karanta, sannan ki gaya mini ko da hankalinsa ya rubuta." Ta kashe waya.

Na buɗe. Babi na huɗu da na sani, layi uku ne kacal a cikinsa game da wannan rana: cewa a shekarar aka yi rashin Ɗigo, ƙanwar Nas, tana da shekara huɗu, mota ta taka ta a tsakar gida, kuma Kaka Direba ne ke tuƙi. Abin da kowa ya tashi ya ji ke nan. Yau sai na tarar da ƙari a ƙasan layukan:

"Ba shi ne ke tuƙi ba. Ni ne. Ina da shekara goma sha tara, yana koya mini ribas. Na taka totur a maimakon birki. Kafin mutane su fito daga ɗakuna ya finciko ni daga kujerar, ya zauna a kai."

Na karanta sau uku. Sannan na tashi na wanke kofina, na wanke na abokiyar aikina, na wanke wani da ban san mai shi ba. Kakana, mahaifin Umma, ƙanin babanka, mutumin da rabin dangi suka daina cin abinci da shi har ya koma ga Allah. Yau shekara hamsin da biyar ke nan da abin. Kai kuma kowace shekara kana aiko mana da gaisuwa cikin kyakkyawan rubutu.

Yanzu ga abin da ya kamata ka sani, don ina zargin ba ka sani ba. Da na kafa mana manhajar ajiye takardu na yi folda uku: "Kowa da Kowa," wadda mutum arba'in da ɗaya na dangi ke iya buɗewa, "Masu Gyara," tamu ni da kai, da "Ta Kawu," taka kai kaɗai. A wasiƙar watan jiya na rubuta maka cewa babi na huɗu takarda ɗaya ce, na sa ta a folda uku. Ɗaya, Kawu. Abin da ka rubuta a taka, a daidai wannan minti yake bayyana a ta kowa. Manhajar tana riƙe da sunan duk wanda ya buɗe da lokacin da ya buɗe. Zuwa yanzu mutum goma sha ɗaya ne. Inna Nas sau huɗu.

Na so in kira maƙwabcinka ya kai maka waya, amma wannan ba maganar da za a yi ta kurma ihu a kunnenka ba ce, a gaban mutumin da ba namu ba. Saƙon kwamfuta kuma ka rantse ba ka buɗewa. Don haka ga takarda, zan ba direban da ya saba kai maka.

Danna ɗaya zan yi ya fita daga folda ta kowa. Ban taɓa komai ba. Ka gaya mini: da niyya ka yi?

*

Daga Kawu zuwa ga Mai Tabarau
Asabar, bakwai ga wata

'Yata Mai Tabarau,

Gaisuwa mai tarin yawa gare ki da mahaifiyarki, da fatan aiki na tafiya daidai. Kwana biyu shiru, ban ga takardarki ba, na ce 'yar ofis ta manta da tsoho. Direbanmu ma ban ga ƙeyarsa ba, shi ya sa zan ba da wannan ta hannun mai kai kaya kanti. Gwiwa da sauƙi. Likita ya ce in rage gishiri, na ce masa abin da ya rage mini a duniya ke nan mai ɗanɗano. Kunne kuwa yana nan yadda kika bar shi, sai dai ina jin daɗinsa: maƙwabcina ya sayi sabon janareta, ni ban san an yi ba.

Zan yaba miki a kan wannan na'ura. Da farko na raina ta, ba ƙara, ba ƙararrawa a ƙarshen layi, yatsa ba ya jin ya yi aiki. Amma tsarinki na folda uku ya burge ni, domin shi ne ainihin tsarinmu na da. Shekara talatin da biyar ina kan tafireta a ofishin kotu, kowace takarda uku muke bugawa da kabon. Fara ta tafi ga mai ita. Ta biyu ta shiga fayil. Ta uku, wadda ta fi dusashewa, ta mai bugawa ce, ba mai tambayarta. To ni a kan ta ukun nake rubuta gaskiya da fensir. In an buga cewa shaida bai zo ba saboda rashin lafiya, sai in sa a gefen tawa: an hana shi shiga ne a bakin ƙofa. Ba don wani ya gani ba. Don dai a samu wuri ɗaya a duniya da aka rubuta abin yadda ya faru. Ranar da na ajiye aiki na ƙone su duka a bayan gida, kwali shida.

Da na ga kin ware mini tawa folda har da sunana, na ce yarinyar nan ta san aiki. Kwanakin nan ina ɗan rubuce-rubuce a cikin kwafina, abubuwan da ba na littafi ba ne, tsakanina ne da Mahaliccina. Kada ki damu, na kowa yana nan tsaf yadda muka gyara shi, shi za a kai maɗaba'a. Abin mamaki, tun da na fara nake barci kamar jariri. Har ƙiba na soma yi, wandona na shaida.

Dangi ma sun tuna da ni. Satin nan mutum uku suka aiko a tambayi lafiyata, har da wanda rabona da jin ɗuriyarsa tun rasuwar matata. Ashe littafin nan zai haɗa zumunci.

Ki gaishe mini da ƙanwata, mahaifiyarki. Ki ce mata ta sha magani, ta daina gardama da likitoci, gadon gidanmu ne amma ba dole a ci shi duka ba.

*

Daga Mai Tabarau zuwa ga Kawu
Alhamis, goma sha biyu ga wata

Kawu,

Ina gaisuwa. Na ji daɗin labarin gwiwa da na barci. Umma na amsawa, tana shan maganin in na tsaya a kanta.

Takardarka ta iso jiya, na karanta ta a tsaye a bakin ƙofar ofis, sai da mai gadi ya kawo mini kujera. Daga nan na nemi direba. Motarsa ta lalace a hanya, kwana tara tana garejin bakanike, wasiƙata kuma tana kwance a aljihun gaban motar tare da tsumman goge gilashi. Ya ba ni haƙuri, ya ce ai ya ga ambulan ɗin ba shi da nauyi, bai ɗauka abin gaggawa ba ne. Gobe zai kawo maka su biyu a haɗe. Ka fara da wancan. Ka zauna kafin ka buɗe.

Babu kabon a nan, Kawu. Ka ɗauka tankin ruwa ne guda ɗaya da famfo uku. Abin da ka zuba a tankin, shi kowane famfo ke zubarwa. A wurin aikina haka muke yi kullum: takardar ɗaukar ma'aikaci tana fayil ɗin sunansa, tana na sashensa, tana na shekarar, in aka gyara ta sau ɗaya an gyara ko'ina. Sauƙi na so in yi maka, don kada ka riƙa neman babin a wurare. Na yi maka bayani cikin layi ɗaya, na ɗauka ya isa, saboda ni a wurina abin a fili yake. Wannan laifina ne, na karɓa.

Akwai wani laifin da ya fi shi. Kwana tara ke nan ina kallonka kana rubutu. Kakan fara bayan karin kumallo, ka tsaya kafin azahar. Ina ganin shafukan suna ƙaruwa: yadda aka ɗauke ka aikin kotu a satin da abin ya faru, ba ka da lasin, Kaka ya ce in aka ji kai ne shi ke nan an rufe maka rayuwa. Yadda ya ce, "Ni na miƙa maka makulli, ni na taka ta." Yadda ya koma kan sitiyari bayan wata ɗaya saboda yana da bakuna bakwai a gida, dangi suka ce ba shi da zuciya. Yadda ka zauna a gefen masu faɗin haka kana gyaɗa kai. Kowace safiya nakan kai yatsa kan maɓallin da zai cire babin daga folda ta kowa, sai in tuna yadda ake sa wa Umma kujera a can ƙarshen rumfa, kusa da inda ake wanke kwanuka. Sai in ɗauke yatsan in shiga aikin ofis.

Yau masu karatunka sun kai ashirin da tara. Ban taɓa ganin danginmu sun himmatu a kan karatu haka ba. Babi na biyu, na tarihin gonar kakanni, mutum uku ne suka buɗe shi, biyu daga ciki ni da kai ne. Kuma ba wanda ya ce uffan. A zauren hirar dangi na waya, jiya muhawarar da aka yi a kan launin bangon littafin ce. Waɗanda suka aiko a tambayi lafiyarka, so suke su ji ko ka zautu.

Inna Nas ta sake kira. Ta ce, "Yana nan yana ƙarawa." Na ce na gani. Sannan ta ce, "Rigar da ya ce tana jikinta, mai ɗigo-ɗigo, ni na sa mata da safen." Ta kashe.

Umma ba ta sani ba. Wayarta ta kira ce kawai.

*

Daga Kawu zuwa ga Mai Tabarau
Lahadi, goma sha biyar ga wata

Mai Tabarau,

Ina fatan kuna lafiya. Ni ban san me zan ce game da tawa ba. Kwana biyu ban sa komai a bakina ba sai ruwa.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ashirin da tara! Har da Nas! Ni da na ɗauka ina ɗaki na kulle, ashe a tsakar kasuwa na tuɓe. Na fita ƙofar gida jiya, mai kanti ya gaishe ni, na kasa kallon idonsa, alhali ko sunan danginmu bai sani ba.

Na ɗauko wasiƙarki ta watan jiya na sa tabarau biyu. Ga abin da kika rubuta: takarda ɗaya ce, na sa ta a folda uku. To a duniyar da na yi aiki, ba a sa takarda ɗaya a fayil uku sai an buga ta uku. Wane mai hankali ne zai karanta wannan ya fahimci wani abu dabam? Ku 'yan zamani kun ƙirƙiro abin da yake nan kuma yake can a lokaci guda, kun miƙa wa tsoho ba gargaɗi.

Amma ba wannan ne ya fi ƙona ni ba. "Ban taɓa komai ba." Na karanta layin nan ya fi sau ashirin. Wato kin ga kawunki yana tafiya bakin rami ido rufe, kika naɗe hannu kina ƙirga masu kallo. Ramuwa ce? In ramuwa ce ki faɗa mini, ina da abin da za a rama a kaina, ban musa ba. Amma ban zaci daga hannunki zai zo ba, ke da na koya wa riƙe biro.

Ki sani ba tsoro kaɗai ya rufe mini baki ba. Baffana ya sa na yi masa alkawari. Ko a ciwonsa na ƙarshe na je na durƙusa na ce zan faɗa, ya ce in na faɗa bai yafe ba, wai an riga an biya, kada a biya sau biyu. Na san za ki ce alkawarin ya yi mini daɗi. Ya yi. Wannan ma gaskiya ce.

Na gyara abin da zan iya. Jiya na shiga foldata na goge babin gaba ɗaya, na ga ya ɓace da idona. Tunda kin ce guda ɗaya ne, to ya tafi ko'ina ke nan. Waɗanda suka gani a ce musu ruɗin tsufa ne, ba zan ƙaryata ba. Ki mayar da tsohon mai layi uku a kai maɗaba'a.

Abu ɗaya nake roƙo, don girman Allah: kada mahaifiyarki ta ji. Ta girma a kan abu ɗaya, ta tsufa a kansa. In kika zare shi yanzu, a kan me za ta tsaya?

*

Daga Mai Tabarau zuwa ga Kawu
Laraba, goma sha takwas ga wata

Kawu,

Ina gaisuwa, kuma don Allah ka ci abinci. In ka faɗi, ba wanda zai amfana. Umma lafiya, sai dai a tsorace take, zan gaya maka dalili.

Babin bai tafi ba. Abin da ka danna cire shi ne daga foldarka, ba gogewa ba. Famfonka ka toshe, tankin na nan cike. Yanzu duk dangi suna iya karanta abin da ka rubuta, in ban da mutum ɗaya: kai, da ba ka buɗe kowace folda sai taka. Na yi dariya da na gani, irin dariyar da abokiyar aikina ta tambaye ni ko in kira mini wani.

Ka tambaya ko ramuwa ce. Na yi kwana biyu ina juya tambayar. Ran farko ba ramuwa ba ce, jiran amsarka nake, don ban san ko da gangan ka yi ba. Daga ranar da takardarka ta kabon ta iso na san ba ka sani ba, kuma na bari. Ka sa wa wannan sunan da ka ga dama, ba zan yi gardama ba. Amma gogewa ta gaskiya a hannuna take, kuma ba zan yi ba. Ko na yi, mutum talatin da shida sun karanta. Ba ni da maɓallin da ke shiga kawunansu.

Ga abin da ke faruwa a gidan Umma. Tun makon jiya ƙofarta ba ta huta ba. Mutanen da shekara da shekaru ba su san launin labulenta ba suna zuwa da lemo da sabulu, su zauna a bakin kujera, su tambayi jiki, su yi ta kallonta da idon tausayi, su tafi. Wani ma gyara mata famfon bayi ya yi ba a roƙe shi ba. Shekaranjiya ta riƙe mini hannu ta ce, "Ke, ki gaya mini gaskiya. Me likita ya faɗa muku da bai faɗa mini ba? Wata nawa ya rage?" Ta fara raba zannuwanta, Kawu. Ta ba ni wanda na fi so, ko roƙo ban yi ba.

Ka ce kada ta ji. Yanzu zaɓin da ke gabana shi ne ta ji gaskiyar mahaifinta, ko ta ci gaba da shirin mutuwar da ba ta zo ba. Ran Asabar ta sama zan je in karanta mata. In kana so ta ji daga bakinka, ka hau motar direba ran Juma'a, zan tarye ka a tasha. In ba ka zo ba, zan karanta yadda ka rubuta, ba ragi.

Na buga maka babin a takarda na sa a ambulan ɗin nan, tunda kai kaɗai ne ba ka da shi.

*

Daga Kawu zuwa ga Mai Tabarau
Litinin, ashirin da uku ga wata

'Yata,

Na samu. Na ci abinci kaɗan.

Na shirya jaka, na kai ta bakin ƙofa, na dawo da ita. Ba gwiwa ba ce, kada ki ba ni wannan uzurin. Ba zan iya tsayawa a gabanta ba tukuna.

Na karanta abin da kika bugo. A takarda ya fi nauyi. Ki karanta mata duka. A shafi na uku na rubuta ranar Laraba ce. Alhamis ce, na tabbata, don ranar ake kawo mana wanki. Ki gyara wannan, kada ki taɓa sauran. A kai shi maɗaba'a haka, a cire layi ukun farko, da ma ni na buga su.

In ta tsine mini, ki rubuto mini kalmomin yadda ta faɗe su. Kada ki tausasa.

*

Daga Mai Tabarau zuwa ga Kawu
Asabar, ashirin da takwas ga wata

Kawu,

Ina fatan ka ƙara a kan "kaɗan" ɗin. Na gyara Laraba ta koma Alhamis. A tasha nake rubuta wannan, a kan cinyata, direba na jira, don haka ka yi haƙuri da layukan.

Na isa da hantsi. Na tarar da ita ta baje akwatuna a tsakar ɗaki tana ware na wa da na wa. Na ce, "Umma, ba mutuwa za ki yi ba, aƙalla ba a wannan satin ba. Zauna in karanta miki abu." Ta ce in dai takardar asibiti ce in faɗa mata a taƙaice. Na ce ta Kawu ce. Ta ce, "Wannan ai ba ya taƙaitawa," ta zauna a bakin gado.

Na karanta. Ba ta katse ni ba ko sau ɗaya, ita da ko labarai a rediyo sai ta yi musu gyara. Da na kai wurin da ya finciko ka daga kujera, ta sa hannu ta dafe katifa kamar gadon ne ke tafiya. Da na gama ta ce in maimaita wurin. Na maimaita.

Ka ce in rubuto maka tsinuwa. Babu. Ko sunanka ba ta ambata ba, kuma ban san ko wannan sauƙi ne a gare ka ba. Abin da ta ce shi ne:

"Ban sake shiga motarsa ba."

Na ce wace mota? Ta ce, "Ta Baba. Ina 'yar shekara goma sha biyu. Da shi ke kai ni makaranta. Bayan abin na ce ba zan ƙara shiga ba. Kullum da safe sai in kama hanya da ƙafa, shi kuma ya biyo ni a hankali ta gefen titi, ya buɗe ƙofar gefe, yana tafiya daidai da takuna. Ba ya cewa komai. Har bakin makaranta. Shekara uku yana haka, sannan ya daina." Ta kalli akwatunan. "Ranar da aka kai ni gidan babanki ma ya wanke ta tun asuba. Na ce a nemo ta haya."

Ban taɓa jin wannan ba, Kawu. Na san kai ma ba ka sa shi a babin ba, don ba ka sani ba. Ba ta yi kuka ba. Tana ta shafa zanen da ke cinyarta tana miƙar da shi, alhali a goge yake.

Muna haka aka yi sallama. Muryar na gane kafin fuskar. Inna Nas ce, ita kaɗai, da sanda, ba lemo ba sabulu. Ta hau matakalar nan ashirin da biyu da ƙafarta. Ta tsaya a bakin ƙofa tana haki, ba ta kalli saman kan kowa ba. Umma ta ɗago.

Sannan Inna Nas ta cire takalmi, ta shigo, ta lallaba ta zauna a ƙasa, a kan leda, ita da ta girmi Umma. Ta ce, "Na zo gaisuwar Kawu Direba. Ya haƙuri?"

Shekara talatin da ɗaya da rasuwar Kaka.

Umma ta dube ta. Ta ce, "Haƙuri sai ma'abocinsa... da godiya." Sannan ta ce, "Ya namu na Ɗigo?" A nan muryar Inna Nas ta karye, ta Umma ta bi ta.

Na miƙe in kawo ruwa, don in samu abin yi da hannuna. Umma ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Bar shi. Ajiye takardun nan a kan gado. Ki je abinki, ki ja mana ƙofa."

Na ajiye. Na ɗauki jakata, na tsallake takalman Inna Nas, na ja ƙofar har sai da na ji ta kama, na sauka.